Tambaya da Amsa: Yadda Ake Haƙa Rijiyar Ma'adinai Mai Zurfin Kilomita

Wasiƙun wannan fitowa sun karkata ne ga haƙar ma'adinai, musamman doguwar rijiyar nan da ake sauke ma'aikata ta cikinta, a kuma fito da dutse ta ita. Mun zaɓi biyar, injiniyoyin wannan fili suka amsa.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Na ji cewa a Afirka ta Kudu akwai mahaƙar zinare mai zurfin kilomita 4. Ta yaya ake haƙa rami a miƙe har haka bai rufta ba? Ku yi mini bayani daki-daki. Daga wani ɗalibin injiniyanci, Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam. Mahaƙar da kake nufi ita ce Mponeng, kusa da garin Carletonville, kuma zurfinta ya kai wajen kilomita 4 ɗin. Sai dai ba rijiya ɗaya ce ta sauka har can ba. Ana sauka ta farko, a yi tafiya ta kwance, a shiga wata da aka haƙa daga ƙarƙashin ƙasa. Igiya ce ta jawo haka. Igiyar ƙarfe mai kaurin milimita 50 tana da nauyin kilo 10 ko fiye a kowace mita, don haka mai tsawon mita 3,000 ta kai tan 30 tun ba a rataya mata komai ba. Rijiyoyin da suka fi zurfi a sauka ɗaya, irin ta mahaƙar South Deep, a nan wajen mita 3,000 suke tsayawa.

Kafin a taɓa ƙasa, ana huda siririn rami irin na burtsatse a wurin, har ya wuce zurfin da ake nufi, a riƙa zaro dutsen sanda-sanda ana jerawa a akwatuna. Daga nan ake sanin inda yumɓu yake, inda rairayi yake, inda dutse ya tsattsage, da inda ruwa ke kwance. Kamfanin da ya yi rowar kuɗi a wannan mataki zai biya ninkin-ba-ninkin daga baya.

Sai a gina bakin rijiya da kankare mai rodi har a dangana da dutse mai ƙwari, a fara haƙa mita 50 zuwa 90 da injin ɗaga kaya. Wannan somin-taɓi ana yin sa ne don a sami wurin da za a zura dandamali, wato wani bene na ƙarfe mai hawa uku zuwa shida da ke rataye da igiyoyi a cikin rijiyar, kuma a nisanta fashewar nakiya daga hasumiyar da za a kafa a sama. Dandamalin nan shi ne wurin aiki, shi ne kuma rufin da ke kare mutanen ƙasa daga abin da zai faɗo.

Daga nan aiki ya zama zagaye. A sauke injin huda mai hannuwa huɗu zuwa shida, ya yi huji wajen ɗari, kowanne zurfin mita 3 ko ɗan fiye. A ɗura nakiya mai kamar man shafawa, domin ƙasan rijiya kullum a jiƙe yake, nakiyar gari kuwa da ta sha ruwa ta lalace. A ja dandamali sama, kowa ya fita, a tayar. Hujin tsakiya ke fara tashi don su buɗe wa sauran hanya, na gefe su zo ƙarshe, tsakaninsu tazarar da ba ta kai ƙiftawar ido ba. A bar fanka ta kore hayaƙi aƙalla rabin awa, a auna iska, sannan a sauka a kakkaɓe duwatsun da suka yi lako-lako a bango, a kafe shi da ƙusoshin ƙarfe da raga.

Kwashe baraguzai ne ke cin lokaci fiye da komai. Lissafa da kanka: rijiya mai faɗin mita 8 tana da fili kusan murabba'in mita 50. Idan aka fasa mita 3, an sami dutse tan 400. Da guga mai ɗaukar tan 12, sawu talatin da 'yan kai ke nan, kuma kullum rijiya na ƙara zurfi, sawun na ƙara tsawo. Wani ƙaton hannun ƙarfe mai yatsu, wanda ke rataye a ƙarƙashin dandamali, shi ke damƙo dutsen yana zubawa a guga. Bayan an sauka mita 6, sai a sauko da allon ƙarfe mai zagaye, a daidaita shi da igiyar ma'auni ko hasken leza, a zuba kankare mai kaurin santimita 30 a bayansa, abin da ya haura kubik mita 40 a kowane zubi. Ana yin rijiyar da'ira ne saboda ƙasa na matse ta daga kowane ɓangare, kankare kuwa ya fi jure matsi a kan ja. Rijiya mai kusurwa a kusurwar take fara tsagewa.

Abubuwan da suka fi ɓata aiki sanannu ne. Nakiyar da ba ta tashi ba tana maƙalewa a gindin tsohon huji, shi ya sa ake hure ƙasan rijiya tas da iska, a yi wa kowane tsohon huji alama, kuma an haramta sake hudawa a cikinsa. Idan hujin gefe suka karkace waje, ramin zai fi ƙima faɗi, a yi asarar kankare. Ƙaramin ƙarfe da ya suɓuce daga mita 500 yana isa ƙasa da ƙarfin da zai huda hular kwano. Da wannan duka, babbar rijiya kan ci mita 40 zuwa 70 a wata, wato mai zurfin mita 1,500 za ta ɗauki shekara biyu zuwa uku kafin ma a fara ɗaura mata bututu da hanyoyin kejin da ke sauke ma'aikata. Ga kuma zafi: a ƙasan Mponeng dutse kan kai digiri 60, sai da ƙanƙarar da ake turawa daga sama mutum ke iya aiki.

TAMBAYA: Ni maginin rijiya ne, shekarata ashirin a sana'ar. Babban abokin gabarmu rairayi ne mai ruwa: kana kwashewa yana kwararowa. Su waɗannan manyan yaya suke yi da shi? Daga wani mai karatu, Daura.

AMSA: Malam, Allah ya yi wa sana'a albarka. Abin da ke damunka shi ke damunsu, illa dai nasu ya zo da ƙarfi. Duk mita 10 na zurfin ruwa yana ƙara matsin kilo ɗaya a kan wurin da bai wuce farcen yatsa ba. A mita 500 ya zama kilo 50. Idan huji ya faɗa jijiyar ruwa a irin wannan zurfi, ruwan kan harbo sandar hudar waje kamar mashi. A 1968 ruwa ya ɓalle a mahaƙar West Driefontein ta Afirka ta Kudu daga wani dutse mai kogunan ƙarƙashin ƙasa, da ƙyar aka ceto mahaƙar.

Dabara ta farko ita ce leƙe. Ba a haƙa inda ba a riga an huda an gani ba. Ana dasa gajeren bututu mai makulli a ƙasan rijiya da siminti, a bar shi ya kama, sannan a huda ta cikinsa mita 30 zuwa 50, hujin suna buɗewa waje kamar haƙarƙarin laima. Idan ruwa ya fito, a rufe makulli, a tura kunun siminti da matsin da ya ninka na ruwan sau biyu ko fiye. Da tsararo ake farawa don ya shiga ƙananan tsaga, a riƙa ƙara masa kauri har dutsen ya ƙi karɓa. Bayan ya bushe a sake hudawa a gwada. Ba a cinye duk tsawon da aka toshe. Ana barin mita 6 zuwa 10 a matsayin murfi kafin a sake leƙawa. Wani injiniyan Beljiyam, Albert François, shi ya yaɗa wannan dabara a farkon ƙarni na 20. Amma fa a dutse mai tsaga take aiki. Rairayi mai laushi tace simintin yake yi, ruwan ya wuce, garin ya tsaya a baki.

Irin naka rairayin, maganinsa daskarewa. Wani Bajamushe, Friedrich Hermann Poetsch, ya yi rajistar dabarar a 1883, har yau kuma ba a sami wadda ta fi ta ba. Ana huda ramuka a zagaye da inda rijiya za ta bi, tazarar mita ɗaya ko ɗaya da rabi, a zura bututu mai rufaffen gindi a kowanne, da wani siriri a cikinsa. Sai a riƙa zagaya ruwan gishirin kalsiyam da aka sanyaya zuwa digiri 30 ƙasa da sifili: ya sauka ta siririn, ya hau ta babban, yana zuƙe ɗumin ƙasa. Ƙanƙara na girma a jikin kowane bututu har su haɗe su zama katanga. Abin kan ɗauki watanni. Akwai wata alama mai daɗin gani: ana barin rami ɗaya a tsakiya, ranar da katangar ta rufe ruf, ruwan da aka tsare a ciki ya rasa mafita, sai ya hau cikin ramin nan. Daga nan a haƙa daskararren rairayin kamar dutse.

Abu uku ke karya wannan aiki. Idan ramuka biyu suka karkace suka nisanci juna a can ƙasa, ƙanƙararsu ba za ta haɗu ba, sai a bar taga da ruwa zai ɓullo. Idan ruwan ƙasa mai gudu ne, yana tafiya da sanyin. Idan kuma bututu ya tsage, ruwan gishiri ya zuba, to ya narkar da katangar da kansa, shi ya sa ake sa ido a kan tankinsa dare da rana.

Tunda ƙanƙara ba ta dawwama, ana ɗaure wurin da zobban ƙarfen zubi, gunduwa-gunduwa, a haɗa su da kusoshi, a toshe tsakaninsu da dalma, a cika bayansu da kankare. Da haka aka ratsa rairayin Blairmore a lardin Saskatchewan na Kanada, wanda ya daɗe yana hana a kai ga gishirin fotash da ake takin zamani da shi, har mahaƙar Esterhazy ta fara fitar da kaya a 1962. A ƙaramin aiki irin naka, zobban kankare da ake jerawa suna nutsewa da nauyinsu yayin da kake kwasar rairayi daga ciki su ne daidai, muddin na ƙasa yana da baki mai kaifi, an kuma ɗaure su da juna don kada su rabu.

TAMBAYA: Na ga hoton wani ƙaton inji da aka ce yana haƙa rijiya ba tare da nakiya ba. Shin zamanin nakiya ya wuce ke nan? Daga wata malamar kimiyya, Kaduna.

AMSA: Malama, bai wuce ba tukuna, amma an kama hanya. Injin da ya fi suna shi ne na kamfanin Herrenknecht na Jamus, wanda ake kira SBR. Rataye yake da igiyoyi kamar dandamali, a gindinsa akwai hannu mai ganga mai haƙora da ke kankare ƙasa kaɗan-kaɗan, wajen santimita 20 a kowane shafi. Abin da ya fi burge mu a jikinsa shi ne yadda yake kwashe baraguzai: iska ce ke zuƙe su ta bututu zuwa wani hawa na sama, a juye a guga. Saboda haka haƙa da kwasa da ɗaurin bango suna tafiya lokaci guda, kuma babu mutum tsaye a ƙasan rijiya, wanda shi ne wuri mafi haɗari a aikin gaba ɗaya. A ganinmu wannan ribar ta fi ta sauri.

An fara amfani da shi a mahaƙar fotash ta Jansen a Kanada, inda ya haƙa rijiya biyu masu zurfin kusan mita 1,000 kowacce, aka gama a 2018. A Nezhinsky ta ƙasar Belarus, sabon samfurinsa ya taɓa cin mita 144 a wata guda, ninki biyu na abin da aka saba. A Woodsmith ta arewacin Ingila kuma an sa shi a rijiyoyin da aka nufa da mita 1,600, sai dai kamfanin Anglo American ya rage kashe kuɗi a aikin a 2024.

Iyakarsa ita ce taurin dutse. A gishiri da yumɓu da daskararren rairayi yana tafiya sumul. Da ya haɗu da dutse mai tauri irin wanda zinare ke zama a ciki, haƙoran na cinyewa, a yi ta tsayawa ana canji. Ƙasa mai danƙo kuma kan toshe bututun zuƙa. Shi ya sa rijiya ta 10 ta Resolution a jihar Arizona ta Amurka, mai zurfin fiye da mita 2,100 da aka gama a 2014, da rijiya ta 2 ta Oyu Tolgoi a Mongoliya, mai mita 1,284, duk da nakiya aka haƙa su.

Akwai wata hanyar da ta riga ta zama ruwan dare, wato haƙa daga ƙasa zuwa sama. Sharaɗinta a ce akwai hanya a can ƙasa tun da fari. Inji na zaune a sama, ya huda rami mai faɗin santimita 30 zuwa 38 har ya ɓulla a hanyar. A cire bakin hudar, a ɗaura faifai mai haƙora wanda faɗinsa kan kai mita 6, injin ya riƙa juya shi yana jawowa sama. Baraguzai na zubowa da kansu, mota na kwashewa. Ta fi arha, ta fi sauri, kuma da ita ake yin yawancin rijiyoyin iska. Aibinta shi ne bango na zama tsirara har a gama, don haka dutse mai rauni zai zube a kan faifan ya danne shi. Idan kuma ramin farko ya karkace, rijiyar duka ta karkace, sandunan juyi na lanƙwasa a kowane zagaye har ɗaya ya karye.

TAMBAYA: Mahaifina ya yi aiki a Akouta, ya ce su da mota suke shiga. Me ya sa ba a yi musu rijiya ba? Daga wani mai karatu, Agadas.

AMSA: Saboda zurfin bai kai ba. Yuraniyom ɗin Akouta, wanda kamfanin Cominak ya haƙa daga 1978 har aka rufe a Maris 2021, yana wajen mita 250 ne, sai aka yi masa hanya mai gangara. Irin wannan hanya kan sauka mita ɗaya a kowace mita bakwai, don haka mita 250 ba ta kai tafiyar kilomita 2 ba. A mita 1,000 kuwa ta zama kilomita 7, kowace mota tana hawa da kaya tana ƙona gas, tana cika mahaƙa da hayaƙi da zafi. A nan rijiya ke cin riba, domin bokitinta na hawa mita 15 a daƙiƙa ɗaya da wutar lantarki. Manyan mahaƙai da yawa na haɗa biyun, kamar Obuasi ta Gana.

TAMBAYA: Ranku ya daɗe, mu masu haƙar zinare ne da hannu. Ramukanmu kan kai mita 30. Wani lokaci mutum na sauka sai ya yanke jiki ya faɗi, wanda ya bi shi ma haka. Me za mu ɗauka daga ilimin manyan nan? Daga wani mai karatu, Anka.

AMSA: Ɗan'uwa, wannan tambaya ta fi sauran nauyi a wurinmu. Abin da ke kayar da su iska ce. Iskar da muke shaƙa tana da kashi 21 cikin ɗari na iskar rai, wato oksijin. Idan ta sauka ƙasa da 19 da rabi, doka a manyan mahaƙai ta hana shiga. A ramin da ya kwana a rufe, wata iska mai nauyi kan taru a gindi ta kori iskar rai. Mafi muni shi ne hayaƙin janareta ko famfon fetur, mai guba marar launi marar wari. Kada a taɓa sauke injin fetur cikin rami, kada kuma a ajiye shi a baki. A kai shi nesa, ɓangaren da iska ke kwashe hayaƙin. Gwajin kyandir ba ya isa, domin wuta na ci lafiya a cikin gubar da za ta kashe mutum. Ku haɗa kuɗi ku sayi na'urar auna iska mai ƙara, a zura ta da igiya kafin kowa ya sauka.

Rami mai faɗin mita ɗaya da zurfin 30 iskar cikinsa ba ta wuce kubik mita 24 ba, ƙaramar fankar hura iska ta ishe shi. A ɗaura mata bututun leda ko roba ya sauka har kusa da gindi, domin fankar da ke hurawa a baki kawai saman ramin take wankewa. A kunna ta minti 20 zuwa 30 kafin shiga, a bar ta tana aiki muddin akwai mutum ciki. Duk mai sauka ya ɗaura igiya ta biyu a ƙirji da cinyoyi, da mutum biyu a sama riƙe da ita. Idan ya faɗi, a jawo shi, kada kowa ya bi shi.

Sai rufta. A ɗaure mita 3 zuwa 6 na sama, inda ƙasa ke da laushi, da zobban kankare masu kaurin santimita 8 zuwa 10, a ɗaga bakin rabin mita sama da ƙasa, a ja rariya ta kewaye shi. A zubar da ƙasar da aka fito da ita aƙalla mita 2 daga baki, don nauyinta na tura bango ciki. Ramuka kusa da kusa, kowa na rarake ta ƙasa yana cin ginshiƙin da ke riƙe da rufi, shi ke sa fili guda ya nutse lokaci ɗaya. A Nuwamban 2021 mutum 18 aƙalla suka rasu da ramukan zinare suka rufta a yankin Ɗan Issa na jihar Maraɗi, Allah ya jiƙansu. Da hadari ya haɗu a fito: a Afrilun 2022 ruwan sama ya cika mahaƙar Perkoa ta Burkina Faso, mai manyan famfuna, ma'aikata takwas suka rasu.

Idan kun fara bin jijiya ta kwance, ku yi mafita ta biyu. A 1862 a mahaƙar kwal ta Hartley a Ingila, ƙarfen injin famfo ya karye ya toshe rijiya ɗaya tilo, mutum 204 suka mutu a ciki, daga nan aka kafa dokar hanya biyu da kusan duk duniya ke bi yau. Rami na biyu kuma yana sa iska ta zagaya da kanta. Kuma tunda daga Anka kake, ka san abin da gubar dalmar da ke cikin dutsen zinare ta yi a 2010, yara wajen 400 suka rasu: a jiƙa dutse kafin a niƙa, a yi niƙan nesa da gari, a bar kayan aiki a can, a yi wanka kafin a shiga gida.